Tuzuru Da Turaren Lamfire

Tuzuru: Ɗan Boko, tsakaninka da Allah, wai akwai kifin da mata ke bin sa da kansu, ko uffan bai ce ba?

Ɗan Boko: Lamfiren teku kake nufi. Akwai shi. Namijin yana sakin wani sinadari a ruwa, macen da ƙwanta ya nuna tana shaƙa sai ta bi ƙamshin, tana kutsa ruwan kogi har ta iske shi.

Tuzuru: Allahu akbar! Ni shekara da shekaru ina fesa turare, ƙudaje kawai ke amsawa. Kyakkyawa ne halan?

Ɗan Boko: Dogo ne silili, ba ƙashi, ba muƙamuƙi. Bakinsa zagaye, cike da haƙora, da shi yake manne wa wasu kifaye yana zuƙar jininsu.

Tuzuru: To ashe ina da sauran fata. Ina yake sayen turaren?

Ɗan Boko: Hantarsa ke haɗawa. Dangin ruwan matsarmama ne, yana fita ta ramukan numfashi bakwai-bakwai da ke gefen wuyansa.

Tuzuru: Matsarmama? Abin ɗacin nan?

Ɗan Boko: Shi. Weiming Li da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka suka gano shi a 2002, ana kiransa 3kPZS.

Tuzuru: Wannan suna ne ko lambar mota? Ni dai hanta ina da ita.

Ɗan Boko: Tsaya tukuna, ba a kwance yake jira ba. Sai ya fara gina sheƙa a cikin tsakuwa, yana ɗaukar duwatsu ɗaya-ɗaya da baki.

Tuzuru: Da baki? Kai, ko'ina sai an ce gida!

Ɗan Boko: Kuma tun da ya baro babban ruwa ya daina cin abinci. Hanjinsa ya lalace, idanunsa sun dushe.

Tuzuru: Yunwa da makanta, ai duk mai neman aure ya san su. Bayan an daidaita fa?

Ɗan Boko: Ta zuba ƙwai, ya yi musu baye, su mutu.

Tuzuru: Su wa?

Ɗan Boko: Ango da amarya.

Tuzuru: Innalillahi! Da wannan za ka fara, mugu.

Ɗan Boko: Akwai saura. A Manyan Tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada annoba ya zama, ɗaya kan hallaka kifayen da jimillar nauyinsu ta kai kilo 18 a rayuwarsa. Shi ne masana suka haɗa turaren a ɗakin gwaji, a 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi masa rajista. A zuba a tarko, baiwar Allah ta taho da saurinta, ta tarar ba miji, sai ƙarfe.

Tuzuru: Har a ruwa ana yaudara! To a samo mini na jabun.

Ɗan Boko: Yaya, matan lamfire yake kira, ba na mutane ba. Su za su zo maka, da bakin nan nasu.

Tuzuru: Cinye ni za su yi?

Ɗan Boko: A'a, su ma ba sa cin komai a lokacin.

Tuzuru: Dakata. Ta zo da kanta, kuma ba ta cin abinci?

Ɗan Boko: Ƙwarai.

Tuzuru: Nawa ne kwalbar?