Wa Ke Jiranka Gobe Da Safe? Magana Kan Dattawanmu Masu Ritaya

Zariya gari ne na 'yan fansho, ko da yake ba mu cika faɗin haka ba. Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ke ɗaukar ma'aikata a Samaru da Kongo. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantun Barewa da Alhudahuda, ga reluwe a Sabon Gari, ga barikin soja, ban da malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Duk shekara waɗannan wurare suna sallamar mutanen da suka gama wa'adinsu, kuma yawancinsu ba sa barin garin. Sun riga sun gina a Hanwa ko Zango ko Gyallesu ko Tudun Jukun, 'ya'yansu nan aka haife su. Da wuya ka sami layi a garin nan da babu tsohon malami ko tsohuwar nas ko tsohon akawu a ciki.

In aka tashi maganarsu, kuɗi kaɗai ake ambata: fansho ya makara, garatuti bai fito ba, an sake kiran tantancewa. Wannan kuka gaskiya ne, kuma duk wanda ya riƙe haƙƙin dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin aiki, Allah zai tambaye shi. Amma akwai wani ciwon da ba a faɗa, wanda ke kama har mutumin da kuɗinsa ke shigowa kowane wata ba fashi. Shi ne mutum ya wayi gari ba wanda ke jiransa a ko'ina.

Ku duba yadda doka ta tsara. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Farfesoshi ne aka ɗaga wa zuwa 70, sai dokar 2022 da ta kai malaman makaranta 65 ko 40 na aiki. Ke nan wanda ya kama aiki yana da 22 zai koma gida yana da 57. Mutum mai 57 ai bai tsufa ba. Yana tuƙa motarsa zuwa Kaduna ya dawo a yini, idonsa na karatu, kansa cike da abin da ya tara. In Allah ya ja kwana, yana iya yin wasu shekaru 20 ko fiye a gaba. Tambayar da ba wanda ke yi masa ranar walimar sallama ita ce: me zai yi da su?

Watannin farko akwai daɗi. Ba sammako, ba shugaba, ba fayil. Daga nan sai waya ta fara yin shiru. Waɗanda da suke sintiri a ƙofar ofis ɗinsa sun koma ƙofar wanda ya gaje shi, kuma ba mugunta ba ce, buƙatarsu ce ta koma can. Yana dawowa daga sallar asuba ya kunna rediyo, ya sha koko, hantsi ya yi, shi ke nan abin yi ya ƙare. Ya fita majalisa, a tattauna siyasar da aka tattauna jiya, a yi azahar, a dawo. A cikin gida kuma sai ya fara sa ido kan abin da shekara talatin bai taɓa kula da shi ba: me ya sa man girki ya ƙare da wuri, wa ya bar fitila a kunne, ina yarinyar nan ta je. Uwargida da ta saba da sarautar gidanta daga safe zuwa la'asar sai ta ga an kawo mata mai duba aiki. Rigimar da ke tashi a gidajen masu sabuwar ritaya, da yawanta daga nan take, ba daga rashin ƙauna ba. Ga jiki kuma, da ya daina motsi sai hawan jini da ciwon suga su sami wurin zama. Mu duka mun san wani da ya bar aiki garau, ba a daɗe ba ya rame ya yi shiru, aka ce tsufa ne ya zo masa farat ɗaya. Ni ban yarda tsufa ne kaɗai ba.

Aiki ba albashi kawai yake ba mutum ba. Yana ba shi lokacin tashi, da mutanen da zai gaisa da su, da tabbacin cewa in bai zo ba wani abu zai tsaya. Fansho yana maye gurbin albashi, ko da rabi-rabi. Sauran ba ofishin da zai biya su.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a garin nan muna da amsar a gabanmu. Shiga cikin birni, ka bi ta Kona ko Juma ko Kwarbai da sassafe. Malamin zaure ba ya ritaya. Yana zaune kan buzunsa almajirai na ɗaukar karatu har ranar da ƙarfi ya ƙare, kuma ko a kwance yake ana shigowa neman fatawa. Maɗinkin babbar riga in ido ya raunana ba ya jefar da sana'ar, sai ya koma zana aiki, da duba na yara, da ciniki. Tsohon manomi a Bomo ko Dakace ya bar wa 'ya'ya fartanya, amma shi ke cewa yau za a yi shuka ko a jira wani ruwan. A wurinsu aiki sauya kama yake yi daidai da ƙarfin mai shi. Aikin albashi ne ya zo mana da tsarin da mutum ke cikakken ma'aikaci ran Juma'a, ran Litinin kuma ba kowa ba. Mun karɓi tsarin, ba mu tanadi abin da zai biyo bayansa ba.

Da yawa in gundura ta ishe su sai su ce kasuwanci za su yi, kuma a nan ne nake jin tsoro ƙwarai. Tun da aka kawo tsarin fansho na adashi a 2004, aka sake gyara shi a 2014 inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, abin da mai ritaya ke samu shi ne wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa ba shi wata-wata. Wannan dunƙulen, ga yawancin mutane, shi ne babban kuɗi na ƙarshe da zai shiga hannunsu. Sai ka ga wanda bai taɓa kiwon ko 'yar tsako ba ya gina ɗakin kaji dubu, bai san tsadar abincinsu ba, bai san cuta na iya share su cikin mako ba. Wani ya sayi Keke Napep biyu ya ba yara, kullum labari ɗaya, yau gareji gobe ba kasuwa. Wani kuma masu daɗin baki su same shi, kawo dubu ɗari ka karɓi ɗari biyu. Ba kasuwanci nake zagi ba. Cewa nake wanda ya yi shekara 35 a kan tebur sabon shiga ne a kasuwa, ya shiga da ƙafa ɗaya, da kuɗin da in sun nutse ba zai kwanta asibiti ba. Kuma ya tambayi kansa da gaske: riba yake nema, ko wurin zuwa da safe? In wurin zuwa ne, akwai hanyoyin da ba sa cin garatuti.

Manzon Allah (SAW) ya ce ni'imomi biyu ne mutane da yawa ke tafka hasara a kansu, lafiya da sararin lokaci. Mai sabuwar ritaya yana riƙe da duka biyun a hannu, abin da bai taɓa samu ba tun yana saurayi.

To ga inda zuciyata take. A unguwar da tsohon malamin lissafi ke zaune yana kallon titi, akwai yara masu shirin WAEC da JAMB da iyayensu ba su da kuɗin darasin yamma. A layin da tsohuwar ungozoma take, akwai mai cikin fari da ba ta san kumburin ƙafa da ciwon kai alamar haɗari ba ne, ba kuma wanda zai ce mata tashi mu tafi asibiti yanzu. Mutanen da suka yi rayuwarsu a gonakin gwaji na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, waɗanda da hannunsu aka fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa da ake nomawa a faɗin Arewa, suna zaune, alhali manomin rani a bakin kogin Galma yana zuba maganin feshi da ka, ba awo. Waɗanda suka yi aiki a cibiyar binciken dabbobi ta Shika sun san abin da mai tumaki biyar a bayan gida ke buƙatar ji kafin Babbar Sallah. Tsohon akanta zai iya gyara littafin kuɗin masallaci ko coci ko ƙungiyar unguwa cikin sati, ya kashe zargin da ya raba kan mutane shekara da shekaru. Wannan ilimi da kuɗin al'umma aka koye shi, kuma muna kallo ana binne shi ɗaya bayan ɗaya a maƙabarta.

Sharaɗin kawai shi ne abin ya zama da rana da lokaci. “Ina taimakawa in an neme ni” ba ya tayar da mutum daga kan kujera. Amma “Talata da Alhamis bayan la'asar yara goma na jirana a zaure” yana sa mutum ya yi wanka, ya sa riga mai kyau, ya duba littafi tun dare. Wanda ke da irin wannan, ko tafiyarsa daban take.

Ba kuma sai bayarwa kaɗai ba, akwai ɗauka. Dattawa nawa ne boko da aiki suka yanke musu karatun addini tun suna kan Ahalari ko Ishmawi, suna ta cewa in na huta zan koma? Ga hutun ya zo, ga malamai a kowace kusurwa ta garin da mutane ke tahowa daga ƙasashe don karatu. Abin da ke hana wasu, mu faɗi gaskiya, nauyin muƙamin da aka bari ne. Wanda aka saba miƙe wa in ya shigo, yana jin wuya ya zauna a tabarma gaban malamin da bai kai ƙaninsa ba, yaro na gefe ya fi shi iya biyawa. Amma na ga waɗanda suka daure suka zauna, kuma ban ga wanda ya yi da-na-sani ba.

Iyayenmu mata ma ana mantawa da su a wannan zance. Ana ɗauka tunda ga jikoki, an gama. Raino alheri ne, amma matar da ta shugabanci makaranta ko ta riƙe ɗakin haihuwa shekara da shekaru tana da abin da ya wuce goyo. Islamiyyun matan aure suna neman irinta, haka 'yan matan da aka cire daga makaranta suna son koyon karatu da lissafi.

Mu 'ya'ya kuma da namu laifin, kuma da kyakkyawar niyya muke yinsa. “Baba, ka zauna ka huta, ai ka gama naka.” Mu karɓe makullin mota, mu hana shi zuwa gona, mu yanke shawarar auren ƙanwarmu a WhatsApp sannan mu zo mu sanar da shi. Muna turo kuɗi muna jin mun sauke nauyi. Ga dattijo, ka zo ka ce “Baba, ga abin da ya taso mini a wurin aiki, yaya kake gani?” kuma ka saurara da gaske, ya fi masa buhun shinkafa. In Mama ta ce za ta buɗe aji a tsakar gida, a saya mata allo da benci, kada a ce za ta wahala.

Ku kuma da ke bakin aiki yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zauna a kwatas shekara 30, bai san mai unguwar inda ya yi gini ba, ba ya zuwa jana'iza ba ya zuwa suna, kada ya yi mamaki in ya tare aka riƙa gaishe shi daga nesa. Tun da sauran shekara biyar a fara: 'yar gona, ajin yamma, kujera a kwamitin makarantar unguwa, karatu wurin malam ran Asabar. A yi kuskuren farko tun albashi na shigowa.

Na san akwai wanda ciwo ya kwantar, da wanda yunwa ba ta bar shi ya yi tunanin komai ba sai abin da za a ɗora a tukunya. Waɗannan haƙƙinsu ne a kanmu mu je gare su, ba mu ɗora musu wani nauyi ba.

Sauran kuwa, yawancinsu kunya ce ke riƙe su. Dattijo ba zai bi gida-gida yana cewa ga ni ku yi amfani da ni ba. Sai an je an same shi. Shi ya sa nake roƙon masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa, daga Tudun Wada har Wusasa: ku zauna ku rubuta sunayen masu ritayar da ke unguwarku da aikin da kowa ya yi. Sannan mutum biyu ko uku su je gida su yi sallama, kada su ce “Baba, muna neman gudummawarka,” su ce “Baba, muna da yara goma sha biyu da lissafi ke kayarwa, mun sami aji a Islamiyya ran Asabar da Lahadi daga ƙarfe 10 zuwa 12, mun sayi alli, kai muke so.” Wanda ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara, a koma masa bayan sati.