Macijin Bayan Bokiti

A gidan hayarmu na Aboabo, nan Kumasi, kowa ya san labarin gamsheƙar da na kashe a Bawku ina saurayi. Ni ne mai ba da labarin, kuma duk shekara tsawonta ƙaruwa yake yi.

Ran Talata da asuba an ɗauke wuta. Na shiga banɗaki, na jingina waya a bango tana haska mini. Na gama shafe fuska da sabulu ke nan, na buɗe ido ɗaya, sai ga wani abu sumul mai sheƙi ya leƙo daga bayan bokiti. Ban tsaya tambayar sunansa ba. Na wurga masa soso da kofi, na banko ƙofa ina ihu, "Maciji! Jama'a, maciji!" Tawul a hannu, ba a ƙugu ba. Wannan ɓangaren mu bar shi haka.

Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika. Mai koko ta zo da muciya, ladan da sanda, Hajiya mai gida da galan ɗin kananzir. Aka kewaye ƙofar, amma ba mai shiga. Kowa ni yake kallo, wai ga gwanin Bawku.

'Yar yayata da ke karatun halittu a jami'ar KNUST ce ta ratsa mu ta ɗaga bokitin. Kulɓa ce ta fito a guje da ƙafafunta huɗu. Wutsiyarta kuwa, da kofina ya guntule, tana can tana mutsu-mutsu ita kaɗai a siminti.

"Kawu, ai da ka duba idonta," in ji ta. "Kulɓa tana ƙiftawa, maciji ba shi da fatar ido."

Na ce, "'Yar nan, ni da sabulu ya cika nawa idon?"

Sai ta shiga lallashina da ilimi. Ta ce kulɓa, tsaka, damo, hawainiya, jan gwadan da ke gyaɗa mana kai a kan katanga, da macizai, duk zuriya ɗaya ce mai jinsi sama da 11,000. Maciji ma ƙadangare ne da kakanninsa suka rasa ƙafa. A Ajantina an tono ƙasusuwan wani maciji mai shekara sama da miliyan 90, da ƙafafunsa na baya. Har yau mesa tana da 'yan ƙumba biyu kusa da wutsiya, ragowar ƙafar ke nan.

Nan na samu mafita. Na gyara tawul na ce, "Kun ji ko? Ɗan gidansu ne. Ban yi ƙarya ba, na dai riga shi da shekara miliyan kaɗan."

Hajiya ta ajiye galan ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, ita waccan ta Bawku, ka ƙirga ƙafafunta kuwa?"

Tun ranar, da na ɗauki bokiti sai yaran gidan su rugo su tambaye ni ko a kira ladan.