Manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba ta mutanen Sudan ba ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin kwamfuta, musamman matasanmu na Gadarif da Kassala da Bur Sudan, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Alƙahira da Jidda. Tambaya guda nake so ta riƙa zama ta farko duk lokacin da wani ya kawo mana sabuwar manhajarsa yana neman ra'ayi: idan shabaka, wato intanet, ta ɗauke, me wannan abin zai yi? Kafin a yaba launi, kafin a tambayi da wane yaren kwamfuta aka rubuta ta, a fara kashe data a gani. Ni a wurina, manhajar da aka yi domin mutanenmu amma ba ta iya komai sai juya ɗan da'ira a tsakiyar allo in babu intanet, ba a gama ta ba, ko da an ɗora ta a Play Store an yi ta tura mata barka.

Kuma ba yaƙin nan ne ya fara nuna mana haka ba. Ranar 3 ga Yuni 2019, da aka tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum, intanet ɗin wayoyi ya tafi, bai dawo ba sai bayan fiye da wata guda. Ranar 25 ga Oktoba 2021 aka yi juyin mulki, aka sake rufewa sama da mako uku. Har lokacin jarrabawar kammala sakandare an sha ɗauke mana shi na wasu sa'o'i don hana satar amsa. Sannan 15 ga Afrilu 2023 ta zo, ranar da yaƙin nan ya ɓarke. A farkon Fabrairu 2024 kuwa kamfanonin waya na Zain da MTN da Sudani duka suka yi shiru, ɓangarorin da ke faɗa suna ta ɗora wa juna laifi, mutane kuma suna hawa tudu suna ɗaga waya sama. Gabashin ƙasa ya samu sauƙi bayan kwanaki, amma Jazira da Khartum da Darfur sun daɗe a cikin duhu, sai wanda ya samu kuɗin biyan mai farantin Starlink ya yi sa'a guda yana tura saƙo. Duk wanda ya rayu cikin wannan, sannan ya zauna ya tsara aikinsa kamar intanet iska ce da ake shaƙa kyauta, bai yi wa mutanensa adalci ba.

Ku tuna yadda rayuwa ta koma kan Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartum. Bankunan Khartum sun rufe, tsabar kuɗi ta yi wuya, ɗan'uwanka a Saudiyya zai turo, kai kuma ka nuna wa mai shago ish'ar, wato shaidar an tura kuɗi, a allon waya ya ba ka sukari da mai. Takaya, wuraren dafa abincin jama'a da matasan unguwanni suka kafa, da gudummawar da ke shigowa ta waya suke sayen wake da gawayi. Da sabis ya ɗauke, tukwane da yawa sun sauka daga kan murhu. A ƙarshen 2024 aka zo da canjin takardun fam 500 da 1000, aka ce kowa ya zuba tsoffin a asusun banki, wanda bai taɓa buɗe asusu ba ma ya buɗe. Wato kullum ƙara jingina muke yi da waya, alhali igiyar da ke riƙe da ita ba a hannunmu take ba.

A waɗancan kwanaki na Fabrairu 2024 wani dattijo, abokin mahaifina, mai sayen riɗi da dawa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ya same ni da wayarsa a hannu. Wani yaro ne ya sa masa manhajar rubuta bashi, ya kuwa ji daɗinta har ya ajiye littafinsa. Ranar manoma biyu suna zaune a rumfarsa suna jiran lissafi, manhajar ta ce sai ya sake shiga da kalmar sirri, shigar kuma sai da intanet. Na duba, na juya, babu ta inda zan ɓullo, domin ko sunan mutum ɗaya ba ta ajiye a cikin wayar ba. Na ce, “Kawu, sai haƙuri, lissafin naku yana can cikin kwamfutar kamfanin a wata ƙasa.” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, bashin nawa ne, wayar tawa ce, mutanen ga su zaune. Izinin wa nake jira?” Ban ga abin da mai manhaja zai ce ya kare kansa daga wannan tambaya ba. Rubuta cewa wane ya karɓi buhu goma bai buƙatar tauraron ɗan'adam. Wanda ya gina ta ne kawai ya ga ya fi masa sauƙi ya tara komai a uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin.

Na san dalilin da ya sa muke haka. Yawancinmu a YouTube muka koyi sana'ar, daga malaman da wutarsu ba ta ɗaukewa. Darasin farko su haɗa ka da rumbun bayanai na Google ko na Amazon, cikin rabin sa'a ka ga abu yana motsi, ranka ya yi fari. Babu laifi a koyo ta nan. Laifin shi ne a tsaya a nan. Mu ne fa muka yi shekara ashirin, daga 1997 zuwa 2017, ƙarƙashin takunkumin Amurka, muna buɗe VPN, manhajar ɓoye ƙasar da mutum yake, kafin mu sauke kayan aikin da yaro a Nairobi yake saukewa da dannawa ɗaya, muna ganin shafi ya rufe mana ƙofa don kawai ya gane daga Sudan muke. Ya kamata a ce mun fi kowa sanin cewa abin da ke hannun wani ana iya hana ka shi da safe ɗaya.

Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Git ɗin da muke amfani da shi kullum wajen adana tarihin aikin manhaja, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, kowa yana da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa, ka yi ta aiki babu intanet, in ya samu ka tura. SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da Richard Hipp ya fitar tun 2000, yana zaune a cikin kowace wayar Android, kyauta, yana jiran wanda zai ajiye bayanai a cikinsa. Ma'aikatan agaji da ke zagaya sansanonin 'yan gudun hijira da KoboToolbox suke cike fom inda babu ko sandar sabis ɗaya, sai sun dawo gari su tura. Kiwix na sa mutum ya ɗauki Wikipedia a katin ajiya. M-Pesa ta Kenya, tun 2007, a kan ƙaramar waya mai madannai ta yi suna, da saƙon tes. Ba sabon ilimi nake kira a ƙirƙiro ba.

Inda gumin yake shi ne haɗa bayanai bayan sabis ya dawo, kuma a nan nake ganin matasa suna ja da baya. Ka ɗauka mai shago yana da yara biyu, kowa da wayarsa, duka babu intanet. Na farko ya rubuta an fitar da buhu uku, na biyu ya rubuta an fitar da biyar. Idan abin da manhajarka ke ajiyewa shi ne jimillar da ta rage, to wanda ya turo daga baya zai goge na farko, buhu uku su ɓace a lissafi, a zo ana zargin yaro da sata. Maganin shi ne ka daina ajiye jimilla a matsayin gaskiya. Ka ajiye abin da ya faru, kowane shigarwa layinsa daban, da lambar shaidarsa da ba za ta yi karo da ta wata waya ba, jimilla kuma a riƙa lissafo ta daga layukan. Kada a goge komai. In an yi kuskure a ƙara sabon layi na gyara, kamar yadda tsofaffin 'yan kasuwa ke yi a littafin bashi, ba sa yage shafi, sai su ja layi su rubuta a ƙasa. Kada kuma ka yarda da agogon waya, domin wayar da batirinta ya mutu kwana uku tana iya tashi da kwanan watan da ba shi ba. Sannan ka nuna wa mutum ƙarara abin da ya tafi da abin da ke jira. Wannan aiki ne mai cin lokaci, ba ya kuma kyau a hoton talla, amma shi ne bambancin magini da mai fenti.

Sai lambar sirrin da ake turowa ta tes. Mutum ya gudu daga Wad Madani a Disamba 2023 da kayan jikinsa, an ƙwace wayar a hanya, layin ya tafi, ko kuma yana Masar layinsa na Sudan ba ya kamawa, manhajarka kuma ta ce ba shi ba ne sai ya kawo lamba shida. Ka tanadi wata ƙofa tun kafin ranar ta zo. Ka kuma rage nauyin manhajar yadda za a iya tura ta daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, don haka mutanenmu suke samun yawancin abin da ke wayoyinsu. Af, kada a manta da harshe: yawancin Hausawan Mai Wurno da Damazin da Gadarif da Larabci suka yi makaranta, Hausarsu a baki take, wannan rubutun nawa ma na boko da yawa sai an karanta musu. Allo ya zama da Larabci mai sauƙi da hotuna, in da hali a sa murya.

Akwai masu ja da ni, kuma maganarsu tana da nauyi. Wani abokina da ke aiki a Riyad ya ce ofisoshi da makarantu nawa aka wawashe a Khartum, kwamfutoci suka tafi da takardun mutane, waɗanda suka tsira su ne masu ajiya a waje. Gaskiya ne, ban kuma ce a daina ajiya a waje ba. Cewa nake ta waje ta zama ta biyu, ta hannu ta zama ta farko. Harkar tura kuɗi ma na yarda ba ta yiwuwa babu wanda zai tabbatar ba a kashe kuɗi ɗaya sau biyu ba, sai dai ko a nan layin kira da tes sukan rayu a lokacin da data ta mutu. Hujjar da ta fi damuna ita ce ta shingen hanya. Kowa ya san ana karɓar waya a bincika, an kuma tilasta wa mutane tura abin da ke asusunsu da bakin bindiga. Wayar da ke ɗauke da sunayen masu ba da gudummawa ko adireshin masu dafa abinci tana iya jawo wa mai ita da su bala'i. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da yake koya mini shi ne a kulle bayanan da ke cikin wayar da makullin sirri, kuma tun farko kada a tara abin da ba a buƙata. Me manhajar rabon abinci za ta yi da ƙabilar mutum? Mu da muka ga rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Nilu Shuɗi a Yulin 2022 mun san abin da irin wannan jeri yake iya zama idan ya faɗa mugun hannu.

Abin da na faɗa game da manhaja ya shafi gurufanmu na WhatsApp da Facebook, har ma ya fi. Tun da yaƙi ya fara, a nan ake cigiyar wanda ya ɓata, a nan ake sanar da rasuwa, a nan ake faɗin wace hanya ce a buɗe, wane kantin magani ne yake da insulin. Alheri mai yawa ya bi ta nan, Allah ya saka wa masu kwana suna amsa saƙo. Amma ku duba yadda muke riƙe amanar. Hoton yaro da ya ɓata yana shigowa da safe, kafin la'asar saƙon murya ɗari da gaisuwar Juma'a da gardamar siyasa sun binne shi. Bayan wata shida wani ya ce ya ga mai kama da shi a Sinnar, a rasa wanda zai tono lambar uwarsa. Akwai guruf ɗin danginmu da admin ɗinsa mutum ɗaya ne, wayarsa ta salwanta, sabon shiga ya gagara, lissafin kuɗin da aka tara wa marayu ya tafi tare da ita, aka bar mutanen kirki suna kallon juna da zato.

Wannan ba ya buƙatar injiniya, amma mu da muka san kan abin mu ne ya kamata mu fara. Kowane guruf na taimako ya samu admin uku ko huɗu a garuruwa daban-daban, ɗaya a wajen ƙasa. Cigiya da lissafin kuɗi a fitar da su daga cikin hira a sa su a jadawali guda, da ranar da aka kawo labari da wanda ya kawo shi, kwafi a wayar mutum biyu, a kuma buga a takarda a ba liman ko mai unguwa duk ƙarshen wata. Kafin a ɗora hoton mace ko lambar wayar gida, a tambayi iyalinta, domin 'yan damfara ma suna cikin gurufan suna karantawa, sukan kira uwa su ce ɗanta yana hannunsu a turo kuɗi. Wanda aka samu, a dawo a rubuta an same shi, don a daina yawo da hotonsa.

Duk admin ɗin da yake son a taya shi tsara jadawalin, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ba na karɓar ko sisi a kan wannan, abin da nake roƙo kawai shi ne kada ya turo mini sunayen mutane, tsarin zan ba shi ya cike da kansa.