Sanyi da motar lantarki: batir bai yi ƙarya ba, masu talla ne ba su faɗi duka ba

Duk shekara da an shiga Janairu sai bidiyon nan ya sake dawowa a WhatsApp, motocin Tesla jere a wurin caji ƙanƙara ta lulluɓe su, masu su na tsaye suna rawar ɗari, wasu ma an kira motar ja ta kwashe su. Abin ya faru da gaske, a Chicago ne ta Amurka tsakiyar Janairun 2024 lokacin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifili. Masu turo shi kuma hukuncinsu ɗaya ne, wai ga ƙarshen motar lantarki nan, da sanyi ya taɓa ta sai ta mutu. Ni kuma duk lokacin da na ga haka sai in tambaya, to Norway fa? Ƙasar da wani yankinta ma rana ba ta fitowa na tsawon makonni a hunturu, amma a 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sabbin motocin da aka saya can zallar lantarki ne. Ko dai mutanen Norway ba su san sanyi ba, ko kuma akwai abin da bidiyon bai nuna mana ba.

Kada wani ya ɗauka zan ce sanyi ba ya yi wa motar komai. Yana yi mata, sosai ma. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka wato AAA ta gwada motoci biyar a 2019, a sanyin kusan digiri 7 ƙasa da sifili, ta samu idan ba a kunna hita ba nisan tafiya na raguwa da kashi 12, in kuwa aka kunna hita ragin ya kai kashi 41. Ka dubi lambobin nan biyu da kyau domin kusan duk maganar a tsakaninsu take. Babban ɓarawon caji ba batirin ba ne, jikin direba ne da ke son ɗumi.

Dalilin mai sauƙi ne. Injin fetur asararre ne tun asali, fiye da rabin ƙarfin man da ka saya zafi yake zama ya fice ta salansa da lagireto, to a ƙasar sanyi sai a karkato wannan zafin cikin mota, direba ya samu ɗumi kamar kyauta alhali ya riga ya biya a gidan mai. Motar lantarki ba ta da wannan asarar, kusan duk wutar da ta sha tafiya take yi da ita, saboda haka in kana son ɗumi dole daga batirin za a ɗebo. Hita irin ta waya mai ja tana iya cin kilowat uku zuwa biyar, wato kilowat-awa uku zuwa biyar duk awa, motar kuma a kan ce tana cin wajen kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita ɗari, ka ga kenan awa ɗaya cikin goslo da hita a kunne ya isa ya cinye maka tafiyar kilomita ashirin ko fiye kana zaune wuri ɗaya. Sai kuma ƙananan abubuwa, iska mai sanyi ta fi nauyi, iskar taya na raguwa, birkin nan da ke mayar da wuta cikin batir ba ya aiki sosai in batirin ya yi sanyi. Ita ma motar fetur fa tana ƙara shan mai a sanyi, kawai dai ba mai ɗaukar ta bidiyo tunda minti biyar ya isa a cika tanki.

Wajen caji ne abin ya fi tsanani, nan ne kuma Chicago ta ci karo. Batirin litiyam in ya yi sanyi ruwan da ke cikinsa yakan yi kauri, ƙwayoyin da ke ɗaukar wuta su riƙa tafiyar hawainiya, in ka matsa masa da caji mai ƙarfi a wannan halin sai litiyam ɗin ya daskare a fuskar farantin maimakon ya shige ciki, wannan kuma lahani ne na dindindin. Shi ya sa kwamfutar motar ke ƙin karɓar wuta sai ta fara ɗumama batirin tukuna. Mutum ya jona waya ya ga allo bai motsa ba rabin awa ya ɗauka ta lalace, alhali kare kanta take yi. Maganin sananne ne, ka sa wurin cajin a taswirar motar tun kana hanya, ita da kanta za ta fara ɗumama batir kafin ka isa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka yi tunanin wanda ya iso cajinsa saura kashi 5, ya tarar da layin motoci, wasu na'urorin cajin ba sa aiki, kowa a gabansa na ɗaukar ninkin lokacin da ya saba, shi kuma yana zaune da hita a kunne don kada ya daskare. Me kake tsammani?

Abin da ya fi damuna shi ne su waye a wannan layin. Mai gida da gareji ba ya ciki, shi motarsa ta kwana jone da wuta, da safe ya danna waya ta ɗumama kanta da wutar gida ya fito ya shiga da cikakken caji, bai ma san ana wani rikici ba. Waɗanda suka kwana a waje galibi mazauna gidajen haya na bene ne da direbobin haya irin na Uber, waɗanda ba su da soket nasu na kansu. A Norway kuwa yawancin masu motar a gida suke caji, wutarsu ta madatsun ruwa ce, wuraren caji kuma sun cika hanya. Gaskiya ne Oslo ba ta cika yin sanyin da Chicago ta gani a makon ba saboda teku na sassauta mata, wannan na yarda, amma can ciki wajen Røros da Finnmark ana ganin 30 ƙasa da sifili kuma ana tuƙa su.

Sannan mutanen Norway ba su yarda da lambar nisan tafiyar da kamfani ke tallatawa ba, nan suka burge ni. Ƙungiyarsu ta masu motoci NAF tare da mujallar Motor duk hunturu sai su kwashi sabbin motoci daga Oslo, a bi ta Lillehammer a haura tsaunukan Dombås, a yi ta tafiya har kowace ta tsaya cik a bakin hanya, a rubuta kilomitar da ta yi. A gwajin 2020 motoci 20 ne, matsakaicin ragin ya kai kashi 18 da rabi kan abin da kamfani ya rubuta. Ita wannan lambar ta kamfani a ɗakin gwaji ake samo ta, a digiri 23, ba hita ba esi. Wanda zai sayi mota a ƙasar ƙanƙara me wannan lambar za ta yi masa a Fabrairu?

To ni a nan nake ɗora laifi. Koriya ta Kudu ta daɗe tana auna nisan tafiyar sanyi daban, a Janairun 2023 ma hukumar kasuwancinta ta ci Tesla tarar won biliyan 2.85 na kuɗin ƙasar kan rashin bayyana wa masu saye yadda nisan ke faɗuwa a sanyi. Haka ya kamata ko'ina, lamba biyu a jikin gilashi, ta bazara da ta hunturu, a kuma rubuta ko motar na da famfon zafi, na'urar nan mai aiki kamar esi a juye tana janyo ɗumi daga waje, wadda Nissan Leaf ta samu tun 2013 ita kuma Tesla sai a Model Y a 2020. A faɗa wa mutum irin batirinsa, tunda mai arhar nan da ake kira LFP ya fi jin sanyi. Kamfanin CATL na Sin ya fito da batirin sodiyam a 2025 yana cewa yana aiki har a 40 ƙasa da sifili, wannan dai faɗarsu ce, sai NAF ta kai shi Dombås mu gani.

Mu kuma da ke turawa juna bidiyon daga Kano ko Maraɗi, sanyin hunturunmu ko kusa bai kai inda batir zai lura ba. Namu abokin gabar zafi ne, kuma ya fi sanyi mugunta, domin sanyi aron caji yake yi ya dawo da shi in gari ya yi ɗumi, zafi kuwa tsufar da batirin yake yi gaba ɗaya, kamar yadda masu Leaf na farko suka koka a Phoenix ta Arizona a 2012. Duk wanda zai sayo tokumbo mai lantarki, ya bar tambayar ƙanƙara, ya tambayi ko batirin na da ruwan sanyaya shi, kashi nawa na lafiyarsa ya rage, da kuma awa nawa ake samun wuta a unguwarsu.