Naktaye goma sha biyu a ƙarƙashin buhun dankali

A watan jiya ƙanwata ta kira ni daga Jos, muryarta na rawa. Tana sayar da huluna da mayafai da naktaye ta WhatsApp da Instagram, kuma yawancin masu sayenta 'yan Abuja ne. Wani ango a Gwarinpa ya yi odar naktaye goma sha biyu, kala ɗaya, na abokansa. Ta zuba su a baƙar leda, ta naɗe da salatif, ta rubuta lambar waya a jiki, ta kai tasha. Direba ya jefa a but, aka ɗora buhun dankali a kai, ruwa kuma ya tare su wajen Akwanga. Da kayan suka isa, duk sun kakkarye, biyu sun jiƙe. Ango ya ƙi biyan cikon kuɗin.

Abin ya taɓa ni sosai, domin shekara huɗu ke nan naɗe kaya ne abincina a nan Ingila, a wani ɗan shagon kayan maza da ke ciniki ta intanet.

Naktaye ba kamar ɗankwali ba ne. A karkace ake yanka yadinsa, sannan akwai wani ƙyalle a cikinsa da ke ba shi jiki. In nauyi ya danne shi a kan ninki, layin nan zama yake yi. Ka ce za ka gyara da dutsen guga, sai silikin ya yi ƙyalli, gefen ya mutu. Shi ya sa a wurin aikinmu muke naɗe shi kamar gammo, daga siririn bakin zuwa faffaɗan, sako-sako, mu lulluɓe da farar takarda mai laushi, mu sa a leda saboda ruwa, sannan ya shiga ƙaramin kwali. Kafin in rufe, sai na danna kwalin da tafin hannu. In ya lotsa, na canza wani.

Kada wani ya ɗauka Bature ya fi mu tausayin mai saye ne. Lissafi ne. A nan akwai dokar 2013 da ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya ce ya fasa, don haka duk abin da ya isa a lalace, gida zai dawo. Har kaurin kunshi ma da ƙa'idarsa: a Royal Mail, wato kamfanin aika wasiƙu na Birtaniya, abin da ya wuce santimita 2.5 ya fita daga farashin babbar wasiƙa, ya koma na fasal. Ƙananan 'yan kasuwa sai su shimfiɗa naktayen, ninki biyu kacal, tsakanin kwali biyu masu tauri. Ko mai neman sauƙin ma bai yarda ya cusa a leda ba.

Akwai abin da gida ya fi, kuma ina kewarsa. Ka ba da saƙo da safe a Jos, kafin la'asar yana Abuja, ga lambar direba a hannunka, ka kira shi ya ce maka ga shi a Keffi. A nan sai ka jira kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci a ajiye maka a bakin ƙofa cikin yayyafi. Ɓarnar kwali ma ta yi wa mutanen nan yawa, hankici ɗaya a akwati guda. Ba wannan nake so mu kwaso ba.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce hula. Zanna Bukar da aka yi makonni ana bin ta da allura, mai wanki ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a gungume ta bushe tsaf, a ƙarshe a matse ta cikin leda tare da takalmi! Alhali abin da take buƙata kaɗan ne: a cika cikinta da farar takarda, a zaunar da ita a kwali. Ban da tsohuwar jarida, tawadarta na kama farin mayafi da farar hula.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, kwalin nan kuɗi ne fa, kuma direba na ganin kwali zai ƙara kuɗin wabil." Gaskiyarta. Na ce ta riƙa faɗa wa mai saye tun farko, ta sa a cikin farashi. Wanda ya iya sayen naktaye goma sha biyu ba zai gudu saboda kuɗin kwali ba, kuma masu shagon takalma a kasuwar Terminus ta Jos suna da kwalayen da ba sa amfani da su.

Ranar Talata ta aika huluna uku Kubwa a kwalin takalmi. Ta tsaya a tasha har sai da direba ya ajiye shi a gaba, kusa da shi, sannan ta ɗauki hoto ta tura wa mai kayan, ta turo min ni ma.