Tiya ba ta da tambari: irin GMO da waken Damagaram

Assalamu alaikum ƴan uwa. Maganar irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda wasu ke kira OGM wasu GMO, ta cika mana wayoyi. Kullum sai an turo murya a WhatsApp. Wannan ya ce an zuba guba a wake, wancan ya ce iri ne da aka shirya don a hana matanmu haihuwa, wani kuma ya fito ya ce duk mai tambaya jahili ne, maƙiyin ci gaba. Ba na tare da masu tsoratarwa, ba na tare da masu rufe wa mutane baki. Abin da ke damuna ya fi duk wannan kusa da mu: yau idan waken GMO ya shigo kasuwar Dole ta Damagaram, babu mai sayarwa, babu mai saye, babu mai awo da zai iya ɗaga ƙwaya ɗaya ya ce ga shi nan.

Kuma abin ba can nesa yake ba. A 2019 Najeriya ta ba da izinin noma wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt aka saka masa, sai shukar ta riƙa yin wani sinadari da ke kashe tsutsar nan mai cin fure da huda kwanson wake. A 2024 kuma Najeriya ta saki masarar TELA, ita ma GMO ce. Daga Kano zuwa nan Damagaram kusan kilomita 240 ne kawai. Wanda ya san hanyar Matamaye zuwa Ɗan Barto da Kwangwalam, ko ta Magarya zuwa Babura, ya san dangi ne a kowane ɓangare. Tun kaka da kakanni wakenmu ke gangarawa kudu, masararsu na hawowa arewa, kuma iri ba ya buƙatar babbar mota. A aljihun riga yake tafiya, ko a ƙullin leda da ɗan uwa ya ba ɗan uwa bayan ɗaurin aure ya ce gwada wannan, tsutsa ba ta taɓa shi.

Batun lafiya dai a faɗi gaskiya ko ba ta yi wa wasu daɗi ba. Tun 1996 ake noma irin waɗannan amfanin gona da yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ke kasuwar ƙasa da ƙasa sun wuce gwaji, kuma ba a ga illarsu ga jikin mutum ba a ƙasashen da aka yarda da su. A 2016 babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta bi ɗaruruwan bincike, ba ta samu hujjar cewa sun fi sauran abinci haɗari ba. Hotunan ɓeraye masu ƙari a jiki da ake ta yaɗawa daga wani binciken Faransa ne na 2012, kuma mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013. Zancen hana haihuwa kuwa babu wata hujja a kansa ko ɗaya, kuma mun ga ɓarnar da irin wannan jita-jita ta yi lokacin rigakafin shan-inna. Amma Hukumar Lafiya ta Duniyar ita ce ta ce kowane iri a duba shi shi kaɗai, ba a yi musu kuɗin goro. Ni ma a nan na tsaya. Mu masu cin wake safe da dare ne, ƙosai, ɗanwake, shinkafa da wake, har ganyensa, dabbobinmu kuma su ci harawa. Neman a yi gwaji a kan yadda mu muke ci, a kuma faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo, ba jahilci ba ne.

In ana maganar guba a wake, akwai wadda muka sani muke kau da kai. Ku leƙa inda ake ajiya bayan kaka. Za ku ga yaro ya ɗauko kwalbar maganin ƙwari, hannu ba safa, hanci ba ƙyalle, yana yayyafa wa wake a kan tabarma, ko a jefa ƙwayar maganin nan mai hayaƙi a buhu a jingine shi a ɗakin da yara ke kwana. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin dikloribos da aka samu a cikinsa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta yi ruɓar da ke haifar da gubar aflatoksin. Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suka sa hannu wajen gwada shi da yaɗa shi, yana kashe ƙwaro ba tare da ɗigon magani ba, amma har yanzu wasu na ganin kuɗinsa ya yi yawa. Duk mai kukan GMO da ya yi shiru a kan wannan, ban yarda lafiyar mutane ce ta dame shi ba. Masu irin Samaru ma da wannan suke kafa hujja, suna cewa feshi na raguwa daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu a damina. In haka ne, abin a saurara ne.

To ina matsalar? Tambari. A Turai tun 2003 doka ta ce duk abincin da abin da aka sauya a cikinsa ya wuce kashi 0.9 cikin ɗari sai an rubuta a jiki. Amurka, da ta daɗe tana ƙi, ta wajabta nata tun 2022. Najeriya ma tana da hukumar da ta kafa a 2015 da ƙa'idar sa alama. Duk wannan an tsara shi ne don mai shiga kanti ya ɗauki kwali ya juya ya karanta. Mu kuwa fa? Ku tsaya gaban mai awo a Dole ko kasuwar Mirya. Buhu a buɗe, an naɗe bakinsa, kuma buhun ma na shinkafa ne ko na taki da aka wanke, rubutun da ke jikinsa ba shi da haɗi da abin da ke ciki. Dillali ya tara daga ƙauyuka biyar ya juye wuri ɗaya. Ka ce, "Inna, wannan waken na ina ne?" Ta ce, "Ɗana, fari ne mai kyau, sabo ne, ba ƙwaro." Gaskiyarta ta faɗa, iyakar abin da ta sani ke nan. Daga nan ya je wajen mai niƙa ya gauraya da na wanda ya riga ka, ya je kaskon mai ƙosai. A ina za a liƙa takardar? Ko an liƙa, da wane harshe, kuma mutum nawa ne cikin masu sayen za su karanta?

Shi ya sa nake ganin in muka kwafo dokar Turai muka ajiye, mun yaudari kanmu. Wurin da alama za ta yi aiki a ƙasarmu wuri biyu ne: buhun iri, da bakin iyaka. Manomi shi ne mutum na farko da ya kamata ya sani, domin shi ne zai zuba abin a ƙasa. Buhun iri ya zo da launi da hoto da ko wanda bai yi lakwal ba zai gane, a rubuta da boko da ajami, ƙwayar irin kanta a rina ta da launin da ba a ba wa wani iri. Mai shagon da ya farke buhu ya sayar a tiya ba tare da ya faɗa ba, a ci shi tara.

Maganar cakuɗuwa ita ta fi tsaya mini a rai. Mutane na cewa irin GMO ba ya tsira sau biyu. Ba haka ba ne. An taɓa ƙirƙiro dabarar da ke hana iri sake tsira, an yi mata rajista a Amurka a 1998, duniya ta yi ca, ba a taɓa sa ta a kasuwa ba. Waken nan yana tsira sarai, a shuka shi bana a ɗebi iri a shuka baɗi. Wannan ne ma dalilin damuwar. Wake yawanci kansa yake yi wa barbara, ba kamar masara da hatsi ba da iska ke kwasar bununinsu ta kai gonar maƙwabci. Saboda haka masana na iya cewa haɗarin gaurayar wake a gona kaɗan ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai a wajenmu hannu ne ke gauraya iri, ba iska ba. Duk wanda ya yi noma ya san shekarar da rumbu ke ƙarewa tun kafin bazara, a cinye har abin da aka ware don shuka. Ruwa ya sauka, mutum ya ruga kasuwa ya auno tiya biyu na waken ci ya shuka. In an yi fari bayan shukar farko ya sake komawa. Kaka ta yi, ya ba ƙanensa, ya ba surukinsa. Cikin ƴan shekaru irin da kakansa ya zaɓa don ya san yashin Tanut ko jigawar Gure, ko don yawan harawarsa, ya gauraya da abin da bai san sunansa ba, kuma ba mai iya tsince shi.

Kada wani ya ce ai za a kula. Waɗanda suka fi mu kayan aiki sun kasa. A 2000 a Amurka masarar StarLink, wadda aka yarda a ba dabbobi kawai, ta ɓulla a abincin mutane, aka janye kaya sama da iri 300 daga kantuna. A 2006 shinkafar gwaji ta kamfanin Bayer, wadda ba a ma ba da izinin sayar da ita ba, ta ɓulla a shinkafar manoman ƙasar, masu saye a Turai da Japan suka juya baya, sai a 2011 kamfanin ya yarda ya biya manoma dalar Amurka miliyan 750. Ba a nuna wani ya mutu a waɗannan ba, kasuwa ce ta mutu. Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Ranar da wani mai saye daga waje ya ce yana son wake da takardar shaidar ba a sauya shi ba, wa zai sa mana hannu?

Darasin Burkina Faso ma bai kamata ya wuce mu ba. Sun rungumi audugar Bt ta kamfanin Monsanto a 2008. Feshi ya ragu, manoma da yawa sun ji daɗi. Amma zaren ya gajarce, darajar audugarsu ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin audugar ƙasar suka nemi diyyar kusan miliyar 48 na sefa, a 2016 suka koma irinsu na da. Sun iya komawa ne don irin auduga a hannun kamfanoni yake, su ke rabawa kowace shekara, in suka daina ya tsaya. Irin wake kuwa yana cikin kowane gida, a tulu, a ƙwarya, a rataye a rumfa. Babu ofishin da zai yi shela a dawo da shi. Sannan tsutsa ma tana sabawa. Ta saba da masarar Bt a Afirka ta Kudu, ta saba da audugar Bt a Indiya. Don haka ake cewa a shuka irin gargajiya a gefe don rage saurin sabawar, kuma manomin da bai san abin da ya shuka ba ba zai bi ƙa'idar da ba a faɗa masa ba.

A yi hattara kuma da wani kuskure da nake ji a majalisu. Ingantaccen iri irin hatsin HKP ko waken TN5-78 da IT90K da malaman gona ke rabawa ba GMO ba ne, zaɓe ne da barbara irin wadda manoma suka saba, sai dai a tashar bincike aka yi. Rashin alama ya sa wasu sun fara gudun waɗannan ma, alhali damina na ƙara gajarta kuma muna buƙatar iri mai saurin nuna. Ga ɓarnar duhun kai nan tun kafin a je ko'ina.

Nijar na cikin yarjejeniyar Kartahena, wadda ta fara aiki a 2003, kuma ta ba kowace ƙasa haƙƙin a sanar da ita kafin a shigo mata da irin da aka sauya don shukawa. Haƙƙin da ba ka da abin aunawa kuwa a takarda yake tsayawa. Akwai ɗan tsinken gwaji mai araha, kamar na zazzaɓin cizon sauro da ake yi a likita, a daka ƙwaya a jiƙa a tsoma, cikin mintoci layi ya fito. Ina roƙon hukumomin noma na jiha su sa shi a hannun ma'aikatan da ke duba tsirrai a Ɗan Barto da Magarya, su riƙa ɗiban samfur a manyan kasuwanni kafin shuka, su faɗi abin da suka gani a rediyo ko da babu komai. Jami'ar André Salifou tana nan cikin garinmu da ɗalibai masu neman abin bincike, su bi ƙauyuka su tattara irin wakenmu da hatsinmu, kowanne da sunansa da garinsu, a adana tun yana tsantsarsa. Ƙungiyoyin manoma su farfaɗo da rumbun iri na gari, don wanda ya cinye nasa ya samu inda zai ara maimakon ya auno na kasuwa. In bayan haka manomin Dungas ya ga alama, ya ji bayani, ya ce shi yana son na Samaru don ya gaji da sayen maganin feshi, hukuma ta gwada ta yarda, ba ni da ta cewa. Maƙwabcinsa da ya ce shi na kakansa zai riƙe, shi ma a bar masa hanyar da zai riƙe shi.