Sansanin yaran Chanobil ya ƙone, sai hotunan masu leƙe suka rage

A dajin da ke kewaye da tashar nukiliya ta Chanobil a ƙasar Yukren, an taɓa yin wani sansanin hutu mai suna Izumrudny. Ƙananan ɗakunan katako ne warwatse a gindin itatuwa, jikinsu duk zanen katun na zamanin Sobiyet. Nan iyalai kan kawo yara idan zafi ya shigo. Da tashar ta yi bindiga ranar 26 ga Afrilun 1986, washegari aka kwashe mutanen Pripyat, garin da ke dab da tashar, su kusan 49,000, daga baya aka killace kilomita 30 a kewayen tashar, sansanin ya zama kufai.

Shekara 34 yana tsaye, fenti na ɓarewa, ciyawa na hudo katakon daɓe. Sai a watan Afrilun 2020 gobarar daji ta lashe shi. Wanda 'yan sanda suka kama a farkon gobarar saurayi ne ɗan shekara 27, ya ce ciyawa ya cinna wa wuta don nishaɗi.

Yau duk mai son sanin kamannin wurin sai dai ya nemi hotunan masu yawon kufai, wasunsu 'yan buɗe ido da takardar izini, wasu kuma waɗanda suka tsallaka waya cikin dare, masu kiran kansu "stalka". Da ina cikin masu ganin wannan yawo neman suna ne kawai a intanet. Na sassauta. A shekarun 1970 Tarayyar Sobiyet tana da irin waɗannan sansanoni na yara kusan 40,000, miliyoyin yara na zuwa kowace shekara. Da ƙasar ta wargaje a 1991, masana'antun da ke ɗaukar nauyinsu suka durƙushe, da yawa aka rufe aka tafi. Wace hukuma ce za ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana adana tarihinsu? Wanda ya shiga da kyamara shi ya zame mana shaida, ko da ba niyyarsa ke nan ba.

To amma shaida sai ya faɗi abin da ya gani, kuma a nan ne nake da ja da su. Kowa ya san hoton nan na Pripyat: 'yar tsana zaune a kan gadon ƙarfe mai tsatsa, an rufe mata fuska da takunkumin iskar guba. Ba yarinyar da ta bar ta haka. Baƙi ne suka tsince ta, suka zaunar da ita, suka gyara mata wuya don hoto ya fi ban tausayi. Wani ya ɗauke littafi ya sa a jaka, wani ya fesa sunansa a bango. Mu a wurinmu tsoron aljanu kan hana yaro taɓa kayan kango. Can ko tsoron tiririn nukiliya bai hana ba. A 2019 kaɗai fiye da mutum 100,000 suka shiga yankin, kowa ya motsa abu guda, me zai rage a inda masu shi suka bar shi?

Masu cewa a hana shiga gaba ɗaya suna da hujja, rufi na ruftawa, ga kuma haɗarin lafiya. Amma shingen waya bai taɓa tsare Izumrudny daga wuta ba, bai kuma hana ɓarayin ƙarfe kwashe abin da suka kwashe ba. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a bar ƙofa a buɗe da ɗan rakiya, a hukunta mai ɗaukar kaya da mai shirya su don hoto, a kuma nemi hukumar yankin ta tattara hotunan da kwanan watansu.

Yanzu ma maganar ta tsaya. Tun da sojojin Rasha suka shiga yankin a Fabrairun 2022 suka fice a ƙarshen Maris, an dakatar da yawon buɗe ido, kuma ana fargabar nakiyoyi a cikin dajin.